Amsa ga mai tambaya kan mutuwar rediyo a ƙaramin jirgi

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka tambaya ko ɗalibin tuƙi da rediyonsa ya mutu yana dab da filin jirgi zai sauka kai tsaye ne, ko kuwa ya juya ya nemi wani filin. Na yi shekaru ina tuƙa ƙananan jirage a nan Sudan, kuma abin ya taɓa faruwa da ni sau ɗaya, a cikin Cessna 172, ina tafe daga Wad Madani zuwa Hartum, ina bin Shuɗin Nilu da ido.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne mutuwar rediyo ba ta hana jirgi tashi, domin injin irin waɗannan jirage daga maganeto, wata na'ura da injin kansa ke juyawa, yake samun tartsatsinsa, ba ruwansa da batir. Haɗarin yana wajen matuƙin da zai sunkuyar da kai yana murɗa wannan yana danna wancan, har jirgin ya karkace ko ya yi ƙasa bai sani ba. Ka daidaita jirginka tukuna, sannan ka duba ƙananan abubuwa, waɗanda sau da yawa su ne sanadi: ƙarar murya, mitar da ka saita, igiyar na'urar kunne, maɓallin magana da ya maƙale, da fiyus. Ka koma mitar da ka baro, idan shiru ka gwada 121.5, wadda ita ce ta gaggawa a duk duniya.

Ni a ranar duk na yi waɗannan, amma na makara wajen kallon allurar caji, wadda da ita ya kamata in fara. Bel ɗin altaneta, na'urar da ke cajin batir, shi ne ya tsinke tun a hanya, batir shi kaɗai yake ɗauke da komai har ya kusa ƙarewa. Bambancin yana da girma, domin idan rediyo kaɗai ya lalace, taransfonda, na'urar da ke aika wa rada lambar jirgi, tana aiki, sai ka sa mata 7600, masu rada su gane halin da kake ciki nan take (ka kula da yatsanka, 7500 ta fashin jirgi ce, 7700 kuma ta babbar gaggawa). Idan kuwa wutar ce gaba ɗaya take tafiya, taransfondar ma za ta mutu, fitilu su bi ta, filaf ɗin fukafukai na wannan jirgi, waɗanda ake saukewa don rage gudu wajen sauka, kuma da lantarki suke aiki, don haka sai ka kashe duk abin da ba dole ba, ka shirya sauka ba filaf, da ɗan ƙarin gudu da doguwar tafiya a kan titi. Duk da haka ka ci gaba da faɗin inda kake da abin da kake niyya, ko ba ka jin kowa, domin wataƙila su suna jinka.

Game da ainihin tambayarka, ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ga matuƙin da ke tafiya yana ganin hanya da ido ita ce ya ci gaba a inda yake ganin gabansa, ya sauka a filin da ya dace mafi kusa, sannan ya sanar da hasumiya saukarsa cikin gaggawa. A ganina filin da ya dace ba lallai ne ya zama babba ba, kuma da a ce ina da ƙaramin fili kusa da isasshen mai, da ban kutsa cikin manyan jirage ba murya ba. Amma Hartum ta fi kusa, masu hasumiyarta suna da takardar tafiyata, sun kuma san lokacin isowata. Titin filin ɗaya ne, kudu da arewa, wato 18 ga mai fuskantar kudu da 36 ga mai fuskantar arewa, kuma da yake lokacin sanyi ne iska daga arewa take, na san 36 ake amfani da shi. Na tsaya gefe na ga wanda ke sauka, sannan na shiga kewayen da aka saba, a tsayin da aka saba, domin mai hasumiya ya iya hasashen abin da zan yi.

Daga nan magana ta koma ta fitilar da hasumiya ke haska wa jirgi. Kore tsayayye izinin sauka ne, kore mai ƙyaftawa yana nufin ka dawo don sauka, ja tsayayye ka ba wani hanya ka ci gaba da kewayawa, ja mai ƙyaftawa kuma filin ba lafiya, kada ka sauka. Da rana ana amsawa da girgiza fukafukai, amma ba a yin haka a juyin ƙarshe ko lokacin da ka miƙe wa titi, da dare kuma a kunna fitilar sauka a kashe sau biyu. Abin da littafi bai gaya mini ba shi ne ƙanƙantar hasken nan, musamman a cikin ƙurarmu da ranar la'asar. Na yi kewaye guda cur ban ga komai ba, saboda ina kallon ginin gaba ɗaya maimakon gilashin samansa. A na biyu na ga ja tsayayye, wani babban jirgi ya sauka, a na uku aka ba ni kore. Da na fita daga titi na tsaya, na jira kore mai ƙyaftawa, wanda a ƙasa shi ne izinin tafiya wurin ajiye jirgi, sannan na je na yi musu bayani.

Tun daga ranar ba na tashi sai da ƙaramin rediyon hannu mai cajinsa, da lambar wayar hasumiya a rubuce, da jadawalin fitilun nan manne a allon da nake ɗaurawa a cinya. Ka roƙi malaminka, ranar da filin ba cunkoso, ya nemi hasumiya ta haska muku fitilar kuna cikin kewaye, sau ɗaya da safe, sau ɗaya da la'asar.