Wandon Sanyi na Yadin Filis: A Ɗinka Ko A Saya?

Tambaya: Ina da yara huɗu, babbarsu shekararta 9, ƙaramin kuma yana rarrafe. Kowace shekara idan hunturu ya shigo sai na saya musu wandunan sanyi a gwanjo, amma da wuya in samu daidai jikinsu. Ina da keken Butterfly kuma na iya ɗinkin zane da riga. Shin zai fi mini in sayi yadin filis in ɗinka da kaina? Wane iri zan nema, kuma yadi nawa? — Wata uwa daga Tudun Wada, Gusau.

Amsa: Malama, tun da yaran huɗu ne kuma keken na gida ne, ɗinkin ya fi miki, domin wandon yara ba ya cin yadi, kuma filis ba ya warwarewa a bakinsa idan an yanka shi, saboda haka ba sai kin kai a yi miki wibin ba. Da a ce wando ɗaya tak kike nema wa babban mutum, da na ce ki koma wurin masu gwanjo, don wahalar neman yadi da fitar da awo ba za ta biya ba.

Yadin da ake magana a kansa shi ne mai laushin nan da gashi-gashi ciki da waje, wanda ake yin ƙananan barguna da rigunan sanyi da shi. Zarensa na roba ne, dangin foliyesta, kuma wani kamfanin saƙa mai suna Malden Mills da ke jihar Masachuset ta Amurka ne ya fara fito da shi. Ana rarrabe shi da nauyi: akwai mai giram 100 a kowace murabba'in mita, akwai mai 200, akwai kuma mai 300. Sanyinmu na Zamfara na asuba ne da dare, lokacin da ma'aunin zafi kan sauka zuwa wajen digiri 15 a watannin Disamba da Janairu, amma kafin azahar ya haura 30. Don haka mai kaurin nan na 300 ba namu ba ne, yaro zai yi gumi a cikinsa tun hantsi, kuma kekenki zai sha wuya a wurin da ɗinki huɗu suka haɗu. Ki nemi matsakaici. Mai shago ba lallai ne ya san lambar nauyin ba, amma hannunki zai gaya miki: ki ɗaga yadin sama ki duba, idan haske yana ratsa shi sosai ya yi shara-shara, ki murza gefensa da babban yatsa, idan gashin ya fara dunƙulewa nan take, to bayan wanki biyu zai tsufa, sannan ki ja shi ta faɗi ki saki, mai kyau zai koma yadda yake.

Faɗinsa yawanci inci 58 zuwa 60 ne, wato ya fi atamfa faɗi, kuma ƙafafun wando biyu kan fita gefe da gefe. Ki auna daga ƙugu zuwa idon sawu, ki ƙara inci 4 saboda ƙubaka da kalmasar ƙasa, abin da ya tashi shi ne tsawon yadin da za ki saya. Da wannan lissafi, yadi ɗaya ya isa wa 'yar shekara 9, ƙananan kuma ba za su kai haka ba. Idan ba ki samu na awo a babbar kasuwar Gusau ba, kada ki jira sai wani ya tafi Kantin Kwari a Kano: bargon filis mara nauyi, sabo ko na gwanjo mai tsabta, yadin ne dai, kuma bargo guda kan fitar da wandunan ƙananan yara biyu ko uku.

Wajen yanka, ki ninka wani wandon yaron da ya yi masa daidai, ki shimfiɗa a kan takarda, ki ja hantsar waje sosai kafin ki zana, ki bar rabin inci na ɗinki. Gefen da yadin ya fi miƙewa shi zai zagaye jiki, kada ya bi tsawon ƙafa, in ba haka ba gwiwa za ta yi buhu. Gashin yadin kuma yana da inda yake kwantawa, sai ki tabbata duk ƙafafun biyu sun fuskanci wuri ɗaya, don kada ɗaya ta fi ɗaya duhu.

Abu ɗaya nake so ki riƙe fiye da duk wannan. Yadin roba ba ya shiri da wuta: tartsatsi ɗaya kan huda shi, harshen wuta kuma kan narkar da shi ya manne wa fata. A gidajenmu kuwa lokacin da ake sa wandon sanyi shi ne lokacin da yara ke kewaye murhu ko kaskon gawayi suna jin ɗumi. Manyan biyu za su ji gargaɗi. Mai rarrafe ba zai ji ba, saboda haka shi ki nema masa yadin suwaita mai auduga da yawa, ki wanke kafin ki yanka domin yana tsukewa, kuma ko da shi ɗin a nisanta shi da wuta. Idan tsautsayi ya faru, a kwarara ruwa mai sanyi da tsabta a wurin na tsawon minti 20, kada a ɓamɓare yadin da ya manne, a wuce asibiti.

Tambaya: Ni tela ne, na karɓi aikin wandunan filis, amma keken yana tsallake ɗinki, kuma wani da na ɗinka wa ya dawo da shi hantsa ta fashe. Keken nawa ba ya zigizag. Sai na sayi wani? — Wani tela daga Jega.

Amsa: Malam, ba sai ka sayi sabon keke ba. Tsallaken ɗinkin daga allura yake: filis saƙar suwaita gare shi, yana son allura mai dakusasshen baki wadda ke ratsa tsakanin zare maimakon ta yanke shi, lamba 14 ga matsakaicin yadi. Ka yi amfani da zaren foliyesta domin ya fi na auduga jure ja, ka buɗe tazarar ɗinkin zuwa kamar milimita 3, ka ɗan sassauta ƙarfen da ke danne yadi idan ka ga yana tura shi gaba. Ɗinkin da ke bin tsawon ƙafa ba shi da matsala da miƙaƙƙen ɗinki, tun da yadin ba ya miƙewa sosai ta can. Hantsa ce ke shan ja idan mutum ya tsuguna ko ya zauna tahiya, don haka ka ɗan ja yadin kaɗan yayin da kake ɗinkinta, ka bi ta sau biyu, kuma ka ba ta zurfi fiye da na wandon shadda. Ƙubakar ka bar ta da faɗin da zai wuce ɗuwawu, ka zura roba mai faɗin inci ɗaya wadda ta gaza awon ƙugu da inci ɗaya ko biyu. Manya za su so a haɗa musu da mazagi, amma na ƙananan yara roba kawai ta isa, doguwar igiya haɗari ce gare su. Kada ka ɗora dutsen guga, musamman na gawayi, domin zai ƙone gashin ya bar sheƙi da ba ya fita. Ka kwantar da ɗinkin da yatsa. Bayan kowane aiki ka buɗe wurin zaren ƙasa ka share burbushin da ya taru, don yadin nan yana zubar da shi da yawa.

Tambaya: Ina kabu-kabu, ina fita tun bayan sallar asuba. Wandon filis zai tare mini iska? — Wani matashi daga Argungu.

Amsa: Shi kaɗai ba zai tare ba, domin filis ɗumin jiki yake riƙewa, iska kuwa tana ratsa shi cikin sauƙi. Ka sa a ɗinka maka mara kauri, mai ɗan kama jiki, ka sa shi daga ciki, ka ɗora jins ko wandon kaki a kai. Hakan zai kare shi daga salansa mai zafi, wadda taɓawa ɗaya za ta narkar da shi, ya kuma raba shi da ƙura da ƙarangiya, waɗanda idan suka shiga gashinsa sai an zauna an tsince su ɗaya bayan ɗaya. Idan za ka wanke, ka juya cikinsa waje, ka yi amfani da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, ka shanya a inuwa. Ba ya riƙe ruwa, wanda aka wanke da la'asar zai bushe kafin fitar gobe.