Oga, in danna afdet ɗin yanzu ko in bari?

Jiya ina shirin fita sallar la'asar ka tare ni a bakin ƙofa da laftof ɗin hajiyar nan mai shagon buga takardu a kusa da tsohuwar BUK. Ka ce Windows ta nuna akwai sabon afdet, ka danna mata kafin a zo karɓa ko ka bari? Na ce kar ka taɓa. Na ga yadda ka kalle ni, don makon jiya ni da bakina na yi maka faɗa a kan ka mayar wa wani malami kwamfutarsa ba ka yi mata afdet ba. Wataƙila ka ce a ranka oga baki biyu gare shi. To jawo kujera, ɗana, yau kasuwa da sauƙi.

Abin da ya ruɗa ka shi ne abubuwa biyu ne suka sa riga iri ɗaya. Akwai ƙaramin afdet na wata-wata, wanda Microsoft ke sakewa ranar Talata ta biyu a kowane wata, kuma tun 2003 suke kan wannan tsari. Lokacin da suke sakinsa a can Amurka mu nan magariba ta yi, shi ya sa yawanci sai Laraba muke ganinsa. Za ka gane shi da lambar da ke farawa da KB. Wannan faci ne: an gano kafa a katanga inda ɓarawo zai iya shigowa, aka aiko a toshe. Sai kuma babban, mai zuwa sau ɗaya a shekara a Windows 11, wanda sunansa ke ɗauke da shekara da harafin H. Wasu shekarun sauyin kaɗan ne, amma irin 24H2 da ya fito a Oktoban 2024, wannan kwashe rufin gida ne a ɗora sabo alhali mutanen gida suna ciki. Na malamin makon jiya faci ne. Na hajiya rufi ne.

A kan faci ba na son wasa, kuma ga dalili. Ranar da aka saki faci, ranar ɓarayin intanet suke zama su duba inda aka toshe, daga nan su gane inda kafar take, sai su bi duk wanda bai toshe tasa ba. A watan Maris na 2017 Microsoft ta fitar da facin wata kafa. Mutane da ma'aikatu da yawa suka ce sai an jima. Ranar 12 ga Mayu, wata biyu kacal bayan haka, cutar kwamfuta da ake kira WannaCry ta bi ta wannan kafar ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, tana neman a biya kuɗin fansa kafin a buɗe wa mutum kayansa. A Ingila har asibitocin gwamnati sai da suka soke ganin marasa lafiya. Maganin yana nan wata biyu a ajiye, ba a sha ba. Shi ya sa in kwamfuta ta shigo shagon nan tana bin bashin facin wata uku, wata shida, kuma mai ita yana hawa intanet yana shiga banki da ita, ba ta fita sai an biya bashin nan.

Duk da haka ko facin ba na rige-rigen zama na farko. In ya fito daren Talata, nakan sa shi a tsohuwar kwamfutar nan ta kan teburina, ita ce zakaran gwajin dafi, in ga ko firinta na aiki, ko sauti na nan, ko tana tashi lafiya. Zuwa Juma'a ko Asabar in ban ji ana kuka ba, sai in sa wa na mutane. Kwana uku ko huɗu, in ya yi yawa mako guda. Sai dai in an sanar cewa ɓarayi sun riga sun fara shiga ta kafar. Wannan kam ko a daren ne a toshe.

Babban kuwa, shi ne na ce maka ka dakata. Ka ji abin da ya faru a Oktoban 2018, lokacin kana makaranta. Microsoft ta saki babban afdet na Windows 10 mai lamba 1809 a farkon watan. Waɗanda suka yi ɗoki suka je da kansu suka nemo shi, wasunsu kwamfuta ta gama ta tashi suka tarar takardunsu da hotunansu sun ɓace. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya janye shi, bai sake fito da shi ba sai ranar 13 ga Nuwamba. Wanda ya yi haƙurin mako shida bai ma san an yi ba. Ba wai mugunta ko sakaci kaɗai ba ne. Kwamfutocin duniya iri-iri ne, kowace da nata allo, nata katin sauti, nata direbobi (ƙananan manhajojin da ke sa Windows ta iya aiki da firinta, sauti da sauran kayan kwamfuta), babu kamfanin da zai gwada su duka a ɗakin gwajinsa. Gwajin gaskiya a kan kwamfutocin mutanen farko ake yin sa. Ni kuma ban ga dalilin da zai sa hajiya, da ke ciyar da gida da wannan laftof, ta yi wa kamfanin Amurka aikin gwaji kyauta ba.

Akwai wani abu da yaran kasuwa ba su fahimta. Babban afdet ba ya zuwa wa kowa rana ɗaya. Idan Microsoft ta gano yana faɗa da wani direba, takan riƙe shi kada ya isa ga kwamfutocin da ke da wannan direban sai an gyara. To sai ka ga yaro a Farm Centre ko Beirut Road ya ce ai tawa ba ta nuna ba, ya je ya sauko da shi a filash ya cusa da ƙarfi. An rufe maka ƙofa don akwai rami a bayanta, kai kuma ka haura ta taga. In ka ga bai zo ba, ka bar shi.

Yanzu bar maganar Amurka, mu dawo Kano, don matsalarmu ta fi tasu yawa. Su ba sa tunanin wuta. Mu kuwa ita ce ta farko. Shekarun baya, lokacin ina da ƙarfin kai irin naka, wani alhaji mai shago a Kantin Kwari ya kira ni in duba masa kwamfutar tebur da yake rubuta bashin 'yan sari a ciki. Gyaran minti goma ne. Da na gama na ga afdet yana jira, na ce bari in yi masa alheri. Tana tsakiyar aiki, an rubuta kada a kashe, sai aka ɗauke wuta. Babu UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, kafin a tayar da inji ta riga ta mutu. Da aka kunna ta ƙi tashi, sai juyi take yi tana komawa. Alhaji bai yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi: "Malam, lissafina fa?" Kuma ba ni da amsa, don ban kwafe komai ba. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba sai da na cire faifan na haɗa shi da wata kwamfuta na zaƙulo fayil ɗin. Allah ya rufa asiri. Bai sake kira na ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Tun daga ranar, kafin in danna komai sai na tambayi kaina: in abin nan ya ɓaci, ta ina zan dawo? Kwafi tukuna. Takardu, hotuna, duk abin da ke kan allo, a kwashe su zuwa faifan waje, kuma ka buɗe biyu-uku ka tabbatar sun kwafu da gaske. Sannan wuta. Laftof ɗin gwanjo da ake kawo mana, rabinsu batir ɗinsu ba ya kai minti ashirin, don haka kar ka ce ai laftof ce. Ka jona ta a layin inbata, ba layin gari ba. In kuwa afdet ɗin na BIOS ne, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta tun kafin Windows, wanda yanzu wasu kamfanoni ke turowa ta cikin Windows ɗin, ka ninka tsoronka, don in wuta ta yanke a tsakiyarsa ba Windows ce za ta lalace ba, babban allon da ke cikin kwamfutar ne zai ƙi tashi.

Wani ramin da ya fara yawa shi ne BitLocker, makullin da Windows ke kulle faifai da shi. Kwamfutoci da yawa yanzu faifansu a kulle yake ba tare da mai ita ya sani ba. Ana zaune lafiya sai bayan wani afdet ta tashi da shuɗin allo tana neman mabuɗi mai lamba 48. Mabuɗin yana cikin asusun Microsoft da aka buɗe kwamfutar da shi. To wa ya buɗe? Sau da yawa yaron shagon da aka saya ne ya sa imel ɗinsa, ko ɗan hajiya da ya tafi hidimar ƙasa ya manta kalmar sirri. In babu mabuɗin nan, ni da kai da duk wani gwanin da ke Kano ba wanda zai fito da kayan ciki. Don haka ka duba tun kwamfuta na da lafiya, ka kwafe lambar a takarda ka damƙa wa mai ita.

Hanyar dawowa tana nan, amma gajera ce. Bayan babban afdet Windows takan ajiye tsohuwar a wani kundi mai suna Windows.old, ta ba ka kwana 10 ka koma baya in ba ka ji daɗi ba. Na sha ganin yaro ya ga kundin ya cinye wuri, ya share don kwastoma ya yaba masa. Ka share shi, ka ƙone gadar da za ka bi ka dawo. Ka bar shi, shi da kansa zai tafi in kwanakin sun cika.

Ka kuma yi tunanin aljihun mutum. Babban afdet yana cin gigabait da yawa, mai kwamfuta kuma da hotspot ɗin wayarsa yake hawa. Ka nuna masa yadda zai sa wa layin alamar cewa datar awo ce, don kada ya kwana da data ya tashi babu.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta yanke hukunci a kan ta hajiya. Yanzu ɗalibai ke buga kundin kammala karatu, layi ne a shagonta daga safe har dare. Firintarta da sikanarta sun tsufa, direbansu ma da ƙyar na samo mata bara. In sabon rufin ya ƙi karɓar direban, ranar nan ba ta da ciniki, ɗalibai kuma shagon gaba za su shiga. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka cibiyar jarrabawar JAMB ana saura mako, haka mai lissafin albashi a ƙarshen wata. Kuma inda kwamfutoci suke da yawa kar ka taɓa sa wa duka lokaci ɗaya. Ranar 19 ga Yulin 2024 wani kamfanin tsaro mai suna CrowdStrike ya tura wa kwastomominsa gyara mai kuskure gaba ɗaya, kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 suka faɗi, jirage suka kasa tashi, bankuna suka tsaya. Ba afdet ɗin Windows ba ne, amma darasin namu ne: ɗaya tukuna, sai biyar, sai sauran.

Nawa nake jira a kan babban? Wata biyu zuwa uku ga kwamfutar da ake neman abinci da ita. Amma jira ba yana nufin har abada ba, don kowane babban afdet yana da ranar da za a daina aiko masa da faci. Na gida a Windows 11 wata 24 ne. Ka ga yadda Windows 10 ta ƙare: ranar 14 ga Oktoban 2025 aka rufe tallafinta, sai ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista. Kuma Windows 11 tana neman TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke cikin kwamfuta, kuma in injin Intel ne, sai ƙarni na 8 zuwa sama. Laftof ɗin HP EliteBook 840 G3 da ta cika kasuwa ƙarni na 6 ce, ba ta cikin lissafi. G5 mai injin ƙarni na 8 ce ta shiga. Na san akwai dabarar tsallake shingen, kai ma ka sani. In kwastoma ya nace, ka gaya masa gaskiya cewa kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da ba irin wannan kwamfuta afdet ba, ya zaɓa da idonsa a buɗe. Kar ka sayar masa da ita a matsayin wadda ta cancanta.

To ga abin da za ka yi da ta hajiya. Facin watan nan ya cika kwanakin gwajinsa a tawa lafiya, ka sa mata shi bayan ka kwafe kayanta. Babban kar ka danna. Windows tana barin a dakatar da afdet har mako biyar, amma ka sani dakatarwar tana tsayar da facin ma, don haka ka rubuta ranar a bayan katin shago ka manna a ƙasan laftof ɗin. In ta zo karɓa ka ce mata da zarar ɗalibai sun watse ta kawo ta ranar Asabar da safe, tare da firintar da wayarta, mu yi a nan a gabanmu. Faifan waje baƙin yana cikin durowar ƙasa, ɗauko ka fara.