Ɗana zai rufe tafiyarsa da kallon namun daji a Kruger, dole sai ya sha maganin maleriya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Muna zaune a Ingila, a nan aka haifi ɗana, yanzu shekarunsa 19. Ya ɗauki hutun shekara ɗaya kafin ya shiga jami'a, ya shiga wani ayarin matasa da za su je Afirka ta Kudu koyon hawan igiyar ruwa na mako goma, daga Janairu zuwa Maris. Za su fara daga Cape Town, su bi gaɓar teku ta Jeffreys Bay har Durban, sannan su ƙare da kwana huɗu a gandun dajin Kruger. Wallahi na kasa barci, in na tuna kifin shak sai in tuno zaki. Na kawo maganar maganin maleriya, babansa ya ce ba ya buƙata tunda jininmu na Afirka ne, ya saba da sauro. Wani a cikin ayarin kuma ya gaya masa ƙwayoyin ɓoye cutar kawai suke yi. Me zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kai shi lafiya ya dawo da shi lafiya. Amsar a taƙaice ita ce e, sai ya sha, kuma ina roƙonki ki ba maigida wannan amsa ya karanta da kansa.

Bari in fara rage miki nauyin abin da ke hana ki barci. A Muizenberg, inda yawancin masu koyo ke farawa a Cape Town, akwai masu gadi da ke zama a kan dutse suna duba ruwa tun shekarar 2004, da sun hango shak sai su ɗaga tuta su busa jiniya kowa ya fito. A Kruger kuwa doka ce ba a sauka daga mota sai a wuraren da aka keɓe, ana rufe ƙofofin sansani kafin duhu, kuma yawon ƙafa ko na dare ba a yin sa sai da jami'an daji. Yaron da ya bi dokar jagoransa ba ya cikin babban haɗari ta wannan fuska. Abu ɗaya da zan ƙara a kan teku: a shekarar 2024 an tabbatar da ciwon haukan kare a jikin karnukan teku na gaɓar Cape, don haka kada ya kusance su, in kuma wani ya cije shi ko ya yakushe shi, ya wanke wurin da sabulu sosai ya wuce asibiti a ranar.

Makonni tara da rabi na farkon tafiyar babu maleriya a cikinsu. Cape Town, Jeffreys Bay, Durban, duk ba wuraren cutar ba ne. Wannan ne ma ke sa matasa sakin jiki, don sun yi wata biyu suna kwana taga a buɗe ba abin da ya same su. Kruger dabam yake. Yana cikin ƙasa mai zafi ta lardunan Mpumalanga da Limpopo, gefen gabashinsa duka iyaka ce da Mozambik, kuma lokacin yaɗuwar cutar a can daga Satumba ne zuwa Mayu, ma'ana watan Maris yana tsakiyar lokacin haɗari, bayan ruwan damina ya kwanta. Kusan duk maleriyar yankin nau'in falsifarum ce, wadda ke kashewa. Sannan ki duba yadda ake kallon namun daji: a fita kafin asuba, a sake fita da la'asar sakaliya a buɗaɗɗiyar mota har bayan magariba, a dawo a zauna a waje gefen wuta ana hira. Waɗannan su ne daidai sa'o'in da sauron anofilis ke cizo.

Yanzu maganar jini. Hajiya, babu ranar da zan zauna a ɗakin duba marasa lafiya ban ji ta ba, kuma ta ishe ni, saboda na ga inda take kai mutane. Ba a gadon kariya daga maleriya. Abin da babba da ya tashi a ƙasar sauro yake da shi, ya same shi ne ta hanyar kamuwa da cutar sau da yawa tun yana jariri, ya sha zazzaɓi ya tashi, ya sake sha ya tashi, har jikinsa ya koyi rage mata ƙarfi. Kuma ko wannan rabin kariya ce, tana hana cutar tsananta ne, ba ta hana kamuwa. An biya ta da tsada, domin yaran da ba su tsallake ba su ne mafi yawa cikin mutum kusan 600,000 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa maleriya na kashewa duk shekara. Duk wanda ya ce jininmu ya saba, waɗanda suka rayu kawai yake ƙirgawa.

Wannan kariyar kuma ba ta zama. Sai sauro ya ci gaba da cizon mutum take ci gaba da aiki. Da zarar ya bar yankin, cikin watanni take fara raguwa, bayan shekara ɗaya ko biyu babu likitan da zai dogara da ita. Shi kansa maigida, in ya shekara ashirin a Ingila, yau in zai je Kruger zan rubuta masa maganin kamar yadda zan rubuta wa kowane Bature. Ballantana yaron da aka haifa a can, wanda ƙwayar cutar ba ta taɓa shiga jininsa ba. Ɗan abin da uwa ke ba jariri tun yana ciki yana ƙarewa a watannin farko na rayuwarsa, wannan ma in ita uwar tana da shi a lokacin. A gaban falsifarum ɗanki da abokansa Turawa na cikin ayarin daidai suke, babu wanda ya fi wani ko da ƙwayar zarra.

Wasu sai su ce ai rukunin jininsa AS ne. Gaskiya ne mai AS yana da ɗan sauƙi wajen tsanantar cutar, amma yana kamuwa, yana kwanciya a asibiti, kuma babu wata hukumar lafiya da ta taɓa cewa ya bar shan magani saboda haka. Mai SS kuwa haɗarinsa ya ma fi na kowa.

Ki duba su wane ne ke kwanciya da cutar a ƙasar da kike zaune. A shekarar 2023 an samu sama da mutum 2,000 da suka shigo Birtaniya da maleriya, kuma shekara da shekaru mafi yawansu ba 'yan yawon buɗe ido ba ne, mutanenmu ne 'yan asalin Afirka da suka je ganin dangi ba tare da shan komai ba. Baƙon da ke tsoron sauro yakan sha ƙwayarsa, mu da muke ganin mun san shi mu ne ke cika gadajen. Na taɓa karɓar wani saurayi sa'an ɗanki, an kawo shi kwana biyar da fara zazzaɓi, a gida ana ta ba shi farasitamol ana cewa mura ce. Idanunsa sun yi ɗorawa, fitsarinsa ya yi duhu kamar baƙin shayi, ana kiran sunansa yana kallon mahaifiyarsa bai gane ta ba. Sai da aka sa shi a na'urar wankin ƙoda. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma abin da mahaifinsa ya yi ta maimaita mini a bakin ƙofa shi ne, "Likita, mu fa maleriya ba ta yi mana haka." Ya faɗi abin da ya yi imani da shi ne tsakani da Allah, kuma wannan imanin ne ya jinkirta zuwansu asibiti.

Maganar cewa ƙwayoyin suna ɓoye cutar kuwa, tsohuwar jita-jita ce da ke yawo a masaukan matasa matafiya. Maganin kariya kashe ƙwayar cutar yake yi kafin ta yi yawa a jini. In an yi rashin sa'a ta kuɓuce, takan zo da sauƙi, kuma gwajin jini yana gano ta, sai dai wani lokaci a maimaita shi. Haka nan masu cewa a sha ruwan tonik, ko tafarnuwa, ko bitamin B, ko a saka wata manhaja mai ƙara a waya, duk babu wanda ke hana komai. Kwinin da ke cikin lita guda na tonik bai kai ko kusa da ƙwaya ɗaya ta magani ba. Masu sayar da ganyen tazargade a intanet da sunan rigakafi su ne suka fi ɓata mini rai, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce kada a yi amfani da shi, ba a san yawan sinadarin da ke cikin kowane kofi ba, kuma shan kaɗan-kaɗan yana taimaka wa cutar ta bijire wa magungunan da muke ceton rai da su. Alluran rigakafin maleriya biyu da aka amince da su a 2021 da 2023 na ƙananan yara ne mazauna yankunan cutar, ba a yi wa matafiya.

Abin da zai sha, likitansa ko mai kantin magani zai tabbatar bayan ya yi masa tambayoyi, amma ga tafiya irin wannan na fi son atovaquone da proguanil, wanda aka fi sani da Malarone. Ƙwaya ɗaya kullum tare da abinci, ya fara kwana ɗaya ko biyu kafin shiga Kruger, ya sha duk kwanakin da yake ciki, ya ƙara kwana bakwai bayan fitowa. Duka ƙwaya 14 ne ko ƙasa da haka. Doxycycline ta fi araha kuma tana aiki, amma sai an ci gaba da ita mako huɗu bayan fitowa, kuma ban cika yarda ɗan shekara 19 zai kai ƙarshenta ba. Tana kuma sa fata saurin ƙonewa a rana, abin da ke da muhimmanci ga mai yini a kan allon hawan igiyar ruwa a teku. Mefloquine ba na ba wanda ya taɓa fama da ciwon damuwa ko farfaɗiya, tana kuma iya sa jiri. Chloroquine kada ma a kawo ta, ta daina aiki a wannan yanki tuntuni. Ki nemi cikakken jadawalin tafiyar a rubuce, domin wasu ayarin sukan tsallaka Ponta do Ouro ko Tofo a Mozambik neman igiyar ruwa mai ɗumi, can kuwa akwai maleriya duk shekara, lissafin ƙwayoyin sai ya canja gaba ɗaya.

Ya riƙe man korar sauro mai sinadarin DEET kashi 50 cikin ɗari, ya fara shafa man kariyar rana sannan ya ɗora shi a kai. Doguwar riga, dogon wando da safa daga la'asar. In sun yi yawon ƙafa ya duba jikinsa da dare saboda kaska, zazzaɓinta ya zama ruwan dare ga masu zuwa dajin, alamarsa ɗan baƙin tabo a inda ta ciza. Kada sabon da ya yi da ruwa ya sa shi faɗawa kogi ko tafki a yankin, akwai tsargiya, akwai kada da dorina. In kuma akwai ciwon da dutsen teku ya ji masa bai warke ba, a duba shi kafin a shiga daji. Katin allurar rigakafin cutar shawara ba a nemansa ga wanda ya taso kai tsaye daga Ingila, sai in ya yada zango fiye da awa 12 a ƙasar da ke da cutar shawara, kamar Habasha ko Kenya. Katin kuma na har abada ne tun 2016, duk ma'aikacin da ya ce sai an sabunta shi bai karanta dokar ba.

In maigida ya kafe, ko yaron ba zai iya shan ɗaya daga cikin magungunan ba, akwai mafita. Gandun Addo da ke kusa da Gqeberha, ba nisa da Jeffreys Bay, babu maleriya a cikinsa, giwaye 11 suka rage lokacin da aka kafa shi a 1931, yau sun haura 600, akwai zaki da ɓauna da karkanda. Pilanesberg da Madikwe ma haka. Zuwa Kruger a watan Maris ba magani ne kawai ba zan amince da shi ba.

Saura abin da ya sa sanya kallon namun daji a ƙarshen tafiya ke buƙatar idonki. Maleriya ba ta bayyana kafin kwana bakwai da cizo, galibi cikin watanni uku na farko, wani lokaci har shekara. Wato ba a Kruger zai yi zazzaɓin ba, inda kowane ma'aikacin jinya ya san cutar. A ɗakinsa zai yi, ayari ya watse, jagora ya koma gida, ana cikin sauran sanyin Ingila kowa yana mura. Falsifarum na iya tsananta cikin awa 24. Saboda haka duk zazzaɓi, ciwon kai, rawar ɗari, amai ko gudawa bayan dawowarsa, ko ya shanye ƙwayoyinsa tsaf, ku tafi sashen gaggawa a ranar, kada ku jira a ba ku lokacin ganin likita mako mai zuwa. Ku faɗa da bakinku cewa ya je Kruger ranar kaza, kuna so a yi gwajin maleriya. In gwajin farko bai nuna komai ba kuma zazzaɓin bai sauka ba, a sake bayan awa 12 zuwa 24, har sau uku. In lokacin ya riga ya tafi jami'a, ki tabbatar abokin ɗakinsa ma ya san wannan.