Wai da gaske akwai gubar dalma a abincin jarirai na gwangwani?

Maman Hanif, kin tambaya ko ki daina ba yaronki ɗan wata bakwai abincin gwangwani saboda wannan maganar. Gaskiya ba jita-jita bace, a 2021 wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ya fitar da rahoto an samu dalma da asenik da makuri (su ma guba ne) a kayan wasu manyan kamfanoni, kuma ba wai zubawa suke ba, shuka ce ke jawo su daga ƙasa da ruwa, shinkafa ta fi kowa shan asenik shiyasa a 2020 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta sa iyakar asenik a garin shinkafar jarirai.

Nan kuwa sai ki duba lambar NAFDAC, amma fa lambar ba ta gaya miki adadin gubar. Ki dinga sassauyawa, yau kunun gyaɗa gobe na gero ko dawa, kar kullum shinkafa.

Ni abinda yafi damuna ma na gida ne. Kwallin da ake zizara wa jariri, da yawa akwai dalma ciki, sai ganyen da ake ban-ruwa da gurɓataccen ruwan kogin Jakara na Kano. A 2010 dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, daga haƙar zinare.