Ta Yaya Injin Gurzar Auduga Ya Ƙara Yawan Bayi a Amurka?

Tambaya: Malam, na ji an ce injin gurzar auduga ne ya farfaɗo da cinikin bayi a Amurka. Abin ya ɗaure mini kai. Ai inji rage aiki yake yi, to yaya za a yi ya ƙara buƙatar bayi? Daga wani ɗalibi a Funtuwa.

Amsa: Ɗan'uwa, aiki ɗaya injin ya rage, wato gurza. Sauran kuwa sai da ya ninka su.

Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa ta durƙusa gaban magurji tana murza ɗan ƙarfe don fitar da angurya ya san gurza ba aikin gaggawa ba ne. Audugar da ke yi a tudun kudancin Amurka kuwa ta fi taurin kai: zarenta gajere, anguryarta manne da shi. Mutum zai yini bai tsabtace fiye da laba ɗaya ba, ƙasa da rabin kilo ke nan. Shi ya sa ba a damu da nomanta ba, alhali masaƙun Lankasha a Ingila, da injinan kaɗinsu, suna neman auduga ruwa a jallo.

A 1793 Eli Whitney ya ƙera injinsa a wani gandu kusa da Sabana a jihar Jojiya. Ganga ce mai haƙoran waya, tana fizgo zaren ta cikin ƴan tsagogin da angurya ba ta iya bi, buroshi kuma yana sharewa. Da shi sai a gurza kamar laba 50 a yini. Nan take kowane fili ya zama kuɗi.

To amma wa zai yi sassabe, ya yi shuka da noma, ya tsinke audugar? Injin tsinka bai yaɗu ba sai bayan 1940. Hannun mutum ne, kuma doka ta yarda a saye shi. Da yamma ake auna abin da kowa ya tsinko, wanda bai cika awonsa ba ya sha bulala. A 1790 bayi wajen 700,000 ne a ƙasar. A 1860 sun kusa miliyan 4, auduga kuma ta haura rabin kuɗin kayan da Amurka ke fitarwa.

Sai dai a gyara zance ɗaya. An haramta shigo da bayi daga waje tun 1808, don haka yawancin cinikin na cikin gida ne. Kimanin mutum miliyan ɗaya aka kwasa daga jihohi irin su Bajiniya da Merilan zuwa Alabama, Misisipi da Luwiziyana, wasu a ƙasa cikin mari, aka raba uwa da ɗa a kasuwar Niyu Olins. Filin ma na wasu ne: dokar 1830 ce ta ba da damar korar ƴan asalin ƙasar, irin su Cheroki da Chokto.

Ni dai ban yarda a ɗora wa ƙarfe laifin duka ba. Masu gandu, bankuna da attajiran Libaful su suka zaɓi yadda za a ci ribarsa.

Tunda daga Funtuwa kake, ga inda labarin ya iso gida. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya datse audugar, masaƙu da yawa a Lankasha suka tsaya cik. Tsoron dogaro da ƙasa ɗaya yana cikin abin da ya sa aka kafa BCGA, ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya, a 1902, wadda daga baya ta gina gidajen gurza a Zariya da garinku.