Motar gazuwal ga mai ɗan zirga-zirgar cikin gari: amsoshin tambayoyinku

Wani malamin makaranta daga unguwar Birni a Damagaram ya rubuto mana cewa an yi masa tayin Corolla biyu ƴan Turai, ɗaya mai esans, ɗaya mai gazuwal ƙirar 2012. Daga gida zuwa wurin aikinsa kilomita 4 ne, sai kai yara makaranta da cefane a Kasuwar Dole. Maradi kuwa bai fi ya je sau biyu a shekara ba. Abokansa na ce masa gazuwal ta fi auki.

Malam, ɗauki mai esans. Abokanka ba su yi ƙarya ba, injin gazuwal ya fi tsimin mai, amma mu ɗauki alƙalami. A farashin da gwamnati ta yanke a watan Yulin 2024, litar esans sefa 499 ce, ta gazuwal 618. Wato a Nijar gazuwal ce mai tsada, ko da yake duka biyun ana tace su a matatar SORAZ da ke nan kusa da mu. Irin tafiyarka ba za ta wuce kilomita 6,000 a shekara ba. Mu ƙaddara mai esans tana shan lita 8 a kilomita 100 cikin gari, mai gazuwal lita 6. Ta farko za ta ci lita 480, sefa 239,520. Ta biyu lita 360, sefa 222,480. Rarar da za ka samu a shekara guda cur ita ce jaka 17 da ƴan kai. Gyara ɗaya a famfon mai ko injekta, wato bakin da ke fesa mai cikin injin, zai haɗiye rarar shekaru da dama.

Kuma gyaran zai zo, domin ga yadda motar take. Tun daga 2011 kusan duk ƙaramar motar gazuwal da aka sayar sabuwa a Turai tana da matatar hayaƙi a jikin salansa, wadda makanikai ke kira FAP. Aikinta ta tare baƙin kunkunniyar da injin ke fitarwa. Idan ta fara cika, kwamfutar motar takan ƙara feshin gazuwal don zafin salansa ya kai wajen digiri 600, kunkunniyar ta ƙone ta zama toka. Wannan ƙonawa tana bukatar tafiya miƙaƙƙiya ta minti 15 zuwa 20, da gudun da ya wuce kilomita 60 a awa. Kai kuma kafin injin ya gama ɗumi ka iso bakin makaranta ka kashe shi. Kullum a fara, kullum a katse. Gazuwal ɗin da aka fesa bai ƙone ba sai ya silale ta jikin silinda ya gauraya da baƙin mai, ya tsinka shi. Bawul ɗin EGR, mai mayar da wani kaso na hayaƙi cikin injin, shi ma ya daskare da dauɗa. Zafin Damagaram ba ya maganin wannan, don zafin rana daban, zafin cikin salansa daban.

Da kana bin hanyar Yamai ko Agadas duk mako, kana cin kilomita 30,000 a shekara, da amsarmu ta sake. A nan rarar ta haura jaka 85, matatar kuma tana wanke kanta a kan hanya ba tare da ka ma sani ba.

Tambaya ta biyu daga wata Hajiya ce a Sabon Gari. Ta riga ta sayi Peugeot mai gazuwal, yanzu wata fitila mai ruwan lemo ta kama a gabanta, motar ta rage ƙarfi, makanikinta kuma ya ce a fasa matatar a huta.

Hajiya, kada ki yi saurin yarda a sa guduma. Ki fara da zare sandar awon baƙin mai da safe, injin na sanye, motar a kan wuri mai daidai. In man ya haura alamar sama ko yana warin gazuwal, a yi juye a canja filta kafin komai. Tafiya da irin wannan mai tana cinye turbo da ƙarfen cikin injin. Man da za a zuba ya zama mai ƙarancin toka, wanda aka rubuta ACEA C2 ko C3 a jikin galan, gwargwadon abin da littafin motar ya ce. Baƙin mai na gama-gari yana barin tokar da wuta ba ta ci, ita ce ke toshe matatar har abada. Bayan haka, da mai fiye da rubu'in tanki, a hau hanyar Takeita ko ta Tanut a yi rabin awa, allurar juyin injin tana tsakanin 2,000 da 2,500. In fitilar ta mutu, ki mayar da wannan tafiya al'ada duk mako biyu. In ba ta mutu ba, sai a jona motar da kwamfuta a karanta laifin. Sau da yawa matatar lafiyarta ƙalau, ɗan na'urar da ke auna matsin hayaƙi ne ya mutu ko siririn bututunsa ya tsage. Peugeot kuma tana da wani ƙaramin tanki na ruwan Eolys mai taimaka wa ƙonawar, wanda yakan ƙare a motar da ta yi nisan tafiya, ba a kula ba.

Fasa matata ba tare da an gyara lissafin kwamfuta ba yana barin motar cikin ruɗu, fitila a kunne, ƙarfi a ƙasa. Hayaƙin da zai riƙa fita kuma yaran unguwa da masu kabu-kabun da ke bayanki ne za su shaƙe shi.

Ki kuma rabu da gazuwal ɗin kwalba da jarka na bakin titi. Injin irin naki yana fesa mai da matsin da ya haura bar 1,300. Ɗigon ruwa ko ƙurar hunturu kaɗan ya isa ya karce injekta.

Na ƙarshe Alhaji ne mai gona da garke a wajen Tanut. Ba ya yawan tafiya, amma in zai je, rairayi ne da buhunan hatsi. Yana son tsohuwar Land Cruiser mai injin 1HZ, ko Hilux mai 5L.

Alhaji, kai kam gazuwal ta dace da kai, duk da ƙarancin kilomita. Waɗannan injina ba turbo, ba FAP, suna da ƙarfin ja tun daga ƙaramin juyi, abin da rairayi ke so ke nan, kuma makanikan Damagaram sun san cikinsu. Matsalarka zaman mota ne. Ka bar tanki a cike in za ta daɗe a ajiye, musamman da damina, don raɓa kan taru a tankin da babu komai. Ka riƙa tsiyaye ruwan da ke ƙasan filtar gazuwal ta ɗan makunnin da ke gindinta. Juye duk wata shida ko kilomita 5,000, wanda ya riga zuwa. Filtar iska a duba ta bayan kowace tafiyar daji. In motar za ta yi wata ba a taɓa ta ba, cire kan baturi na baƙar waya. Ranar saye kuma ka je da sassafe, ka dafa injin ka tabbatar da sanyinsa, sannan a tayar a gabanka. In ta yi ta gurnani kafin ta kama, ko farin hayaƙi ya ƙi yankewa bayan minti biyu, a auna matsin silinda kafin a yi maganar kuɗi.