Kafin ka ɗauko gogenka zuwa Jamus

Ƙanena,

Saƙonka ya iso, har sau biyu na karanta shi. Ka ce ka ga hoton Elbphilharmonie, zauren kiɗan nan na gilashi da ke bakin kogi a nan Hambog, ka kuma ji cewa gwamnati ce ke biyan makaɗa albashi, sai ranka ya kwanta cewa ga ƙasar da ta san darajar mai fasaha, nan za ka zo karatun kiɗa. Ka tambaye ni ko haka abin yake. Haka yake, kuma zan yi murna in ka zo. Sai dai ina so ka san dalilin da ya sa ake fitar da kuɗin nan, domin shi zai nuna maka inda za ka sa ƙafa.

Kuɗi kam ana kashewa. Manyan ƙungiyoyin makaɗa 129 ne ke cin kuɗin gwamnati a ƙasar nan, kuma jihohi da birane ne ke ɗauke da yawancin nauyin. A gidajen opera, abin da ake tarawa daga tikiti ba ya kai rabin abin da ake kashewa. Shi ya sa ɗalibi zai iya zama a zaure ɗaya da attajiri. Wannan alheri ne, ba na raina shi.

To amma ruwa ba ya tsami banza. Ɗauki ginin nan da ya ɗauke maka hankali. An fara shi a 2007, zamanin magajin gari Ole von Beust, bayan tun da farko an shaida wa mutanen birni cewa Yuro miliyan 77 ne zai fito daga aljihunsu. Aiki ya yi ta jan ƙafa, har ya tsaya cik sama da shekara guda, majalisar birni ta kafa kwamitin bincike. Olaf Scholz ya gaji rigimar da ya zama magajin gari a 2011, ya sake yarjejeniya da masu gini, aka buɗe a Janairun 2017 bayan birni ya biya miliyan 789. A shekarun nan duk wanda ka zauna da shi a jirgin ƙasa, in zancen ya taso, sai ya yi tsaki. Ana buɗewa kuma sai guna-gunin ya lafa. Yau ginin nan shi ne fuskar Hambog a kowane katin gaisuwa da kowace tallar yawon buɗe ido.

Ranar da na gane abin sosai ita ce Juma'a, 7 ga Yuli, 2017, lokacin taron shugabannin manyan ƙasashe na G20 a nan Hambog. Tun da safe masu zanga-zanga sun ƙona motoci a unguwar Altona, jirage masu saukar ungulu suna ta kewaya mana sama, na kasa ko fita sayen burodi. Da yamma na kunna talabijin. Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus a lokacin, ta kai baƙinta, su Trump da Macron, cikin sabon zauren, Kent Nagano yana jagorantar kiɗan Beethoven na tara, wanda ƙarshensa ke kiran 'yan Adam su zama 'yan'uwa. A daidai wannan lokacin wuta na ci a titunan unguwar Schanze, 'yan sanda na fesa ruwa. Na zauna ina kallon hotunan biyu, jikina a sanyaye. Kiɗan ya yi daɗi ƙwarai, makaɗan kuma sun yi aikinsu da gaskiya. Amma ba don kunne kaɗai aka shirya daren ba. An shirya shi ne don duniya ta ga Jamus yadda shugabanninta ke so a gan ta.

Abin ba sabo ba ne. Zamanin Hitler, ma'aikatar farfaganda ta Goebbels ce ta riƙe babbar ƙungiyar makaɗan Balin, tana tura ta ƙasashe. Jamusawa ba su manta ba, shi ya sa tsarin mulkinsu ya kare 'yancin fasaha, kuma ba za ka ga minista yana zaɓa wa makaɗa abin da za su kaɗa ba. Duk da haka, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 2016 Valery Gergiev, shahararren madugun makaɗa ɗan Rasha, ya kai makaɗa daga ƙasarsa suka yi wasa a kufan Palmyra na Siriya, bayan sojojin Rasha sun taimaka an ƙwato garin. A Maris ɗin 2022 magajin garin Munik ya sallame shi daga jagorancin makaɗan birnin, saboda ya ƙi nisanta kansa da yaƙin Putin a Yukren.

Ga inda abin ya shafe ka. Ɗan siyasa yana son abin da ido ke gani: babban gini, shahararren madugu, daren buɗewa. Waɗannan ba a cika taɓa su da ƙarfi ba. Ranar da aljihu ya yi sanyi, bulalar ta fi sauka a kan ƙananan ƙungiyoyi, masu koyar da yara da masu zaman kansu da ke rayuwa daga wannan tallafi zuwa wancan. Balin ta zaftare kusan Yuro miliyan 130 daga kasafin al'adu na 2025, masu fasaha suka fito zanga-zanga, kuma Joe Chialo, mai riƙe da ma'aikatar al'adu ta birnin, wanda iyayensa 'yan Tanzaniya ne, ya ajiye aiki a watan Mayun shekarar. Baƙo kamar ka, a wannan ƙasan tsanin zai fara. Kujerar dindindin a babbar ƙungiya sai an ci gwajin da suke kira Probespiel, inda makaɗa da yawa daga ƙasashe daban-daban ke neman gurbi ɗaya, wanda ya ci kuma sai ya yi shekarar gwaji.

Wani abu kuma da nake so ka shirya masa: za a iya gayyatar ka biki don fuskarka ta fito a hoto, a ce birni na kowa ne. Ka je, ka kaɗa da dukan ƙarfinka, amma ka tambayi nawa za a biya ka, kuma a rubuta.

Batun shigowa, makarantun kiɗa na gwamnati ba sa ɗaukar kowa sai da jarrabawar kaɗawa a gaban malamai, tare da gwajin kunne da ilimin kiɗa. A Hambog babu kuɗin makaranta a matakin digiri sai ɗan kuɗin zango, amma jihar Baden-Württemberg na karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba. Don biza, tun Satumban 2024 ana neman Yuro 11,904 a asusun da ake kullewa, Sperrkonto, kana cirar 992 a wata. An yarda ka yi aikin kwana 140 a shekara. Ka dage da Jamusanci tun yanzu, kuma ka duba fannin koyar da kiɗa tare da na kaɗawa, don ya fi samar da abin kai wa baki.

Ka ɗauki bidiyon kanka kana kaɗa abu biyu, ɗaya mai sauri ɗaya mai sanyi, ka turo min tare da sunayen makarantun da kake hari, mu duba wa'adin kowace. Ka gaida su Inna.

Yayanka